Babana Ya Iya Mutuwa

Dala goma sha biyu ake biyan babana
duk ranar da ya mutu.
In daga kan doki ya faɗo, a ƙara biyar.

Ysidro Baca sunansa, amma kada ku wahalar da ido,
ba ya cikin sunayen da ke wucewa a ƙarshe.
Litinin sojan Rum ne,
Laraba ɗan fashin teku, ƙyalle a ido ɗaya,
Juma'a a manna masa gashin baki da danƙo
a ce daga ƙasar Mongol ya taso,
alhali bas ya hawo daga Pacoima
da burodi da wake a ƙunshin takarda.

Ganuwar birnin fuska ce kawai,
bayanta ƙusoshi da kwalaben lemo.
Tekun kuwa kududdufi ne a bayan sito,
wani yaro na kaɗa shi da falanki.
Kwana takwas, a kafa daula a rushe ta.
Mista Pruitt na duban sama:
"Rana za ta faɗi, ku mutu da sauri!"
Sojojin ashirin ne. Su zaga bayan dutse,
su sauya hula, su dawo su kori kansu.

Da yamma ya shigo da jinin kanti a wuya,
mai zaƙi, ƙudaje na biye.
Mama ta jiƙa rigar tana mita,
ni kuwa in dangwala in lasa.

A wani fim agogonsa ya leƙo
ta ƙarƙashin sulken kwali,
shekara dubu kafin a ƙera agogo.
Ba kuɗin sakewa. Haka aka bar shi.

Ta gasken a asibitin gunduma ta same shi,
ba takobi, ba kiɗa, bai ma iya ta ba.
Ya yi ta tari, ya nemi ruwa, ya yi shiru.
Na tsaya ina jiran wani ya ce a sake.

Yanzu ƙarfe biyun dare,
tsakanin tallan katifa da tallan mota,
talabijin kan ara mini shi.
Ga shi can, na uku daga hagu.
Kibiya ta same shi, ya dafe ƙirji, ya juya,
ya faɗi ta dama, don kafaɗar hagu ta daɗe da gocewa.
Jarumi na can yana sumbatar gimbiya,
ni cikin babana nake kallo:
yana kwance cikin gawawwaki,
in ka lura,
yana numfashi.