Maki Ɗaya

Daren Asabar, rumfar bayan gida,
fitila ɗaya, sanyin Swaledale na cizon yatsa.
Na kwance kafireta, na baje cikinta a kan tsohuwar jarida:
allura, noti, da wani ɗan siririn ƙarfe
wanda in ya faɗi ƙasa sai dai a yi masa ta'aziyya.

Babur ɗin nan ya girme ni da shekara biyu.
Ubana Ambrose ya saye shi tun bai sayi gado ba,
uwata ba ta yafe ba, ta dai gaji da magana.
Tankin ya lotsa ta hagu, gwiwarsa ce.
Ya lotsa ta dama, wannan tawa ce.
Baƙin mai na ɗiga inda ya saba ɗiga,
na tara masa kwanon karenmu da ya mutu.
Ba a hana tsoho tari.

Kayan gyaransa sun bar kasuwa tun ban yi wayo ba.
Abin da babu, Cuthbert ya ƙera a maƙerarsa,
ya karɓi ladansa rabi a ƙwai, rabi a mita.

Lahadi da sassafe, kik uku, shiru.
Na goge fulogi da gefen riga, na yi masa magiya.
A na huɗu ya yi gyaran murya,
tumaki suka watse.

Wasan nan ba tsere ba ne, mai sauri ya nemi kwalta.
A tsaye ake hawa, a bi rafi ta cikinsa,
a taka dutsen da gansakuka ta yi wa riga,
a lallaɓa totur kamar mai wanke gyambo.
Doka guda ce: ƙafa kada ta taɓa ƙasa.
Ka dogara sau ɗaya, an rubuta maka ɗaya.
Injin ya mutu a hannunka, biyar.
Gwani shi ne wanda ya koma gida da sifiri.
Ina ka taɓa jin kasuwar da babu ke cin riba?

A mashiga ta bakwai ubana ne alƙali.
Tamanin da shida, bargo a cinya, fensir a kunne,
yana ta rufe masa ido ɗaya, tana zawarcin ɗayan.
Sun bar masa katin ne don kunya,
shi ma ya sani.

Na shiga da giya ta ɗaya.
Ruwa ya kai cibiyar taya, salansa na huci,
sarƙa na ƙirga haƙoranta ɗaya bayan ɗaya.
Na ɗaga gaba, na haye matakin farko,
na ba shi mai kaɗan, kamar gishiri a miya.
Sai can bayan babban dutse, inda ba idon kowa,
tayar baya ta zame tsawon taƙi,
ƙafata ta hagu ta sauka,
ta tashi.
Ko ruwan bai farga ba.

Na fito, mutane na tafi.
Cuthbert na ihu: Thelma ta wuce da tsabta!

Tsohon bai ɗago ba.
Ya karkata kai wajen injin, yadda yake yi
in yana sauraron ciwo a cikin ƙarfe.
Ya ce, "Nawa?"

Iska ta bi ta cikin ciyawa.
Kofin shekarar nan, maki ɗaya ne tsakanina da shi.

Na ɗaga yatsa. Na tuna ba ya gani.
Na ce, "Ɗaya, Baba."

Ya lashi bakin fensir, ya ja sanda a kati.
Ya ce, "Na ji lokacin da kika saki mai.
Dutsen nan ya ci ni sau tara.
In kin je gida ki duba sarƙar, ta yi sako-sako."