Kerkeci na Dubu Huɗu

A Daegu, hawa na uku, shagon kwamfuta,
Byeong-ho ya kashe kerkeci na dubu huɗu.
Kafin ya kurɓi romon taliya
kerkecin ya miƙe gindin dutsen jiya
da haƙoran jiya.

"Kawo fata goma," in ji maƙerin wasan.
Shekara bakwai ke nan, bai ƙoshi ba.

Ranar Talata suka ce sabuwar duniya.
Tsohon dajin ne, an shafa masa shuɗi,
an dasa wa kerkeci ƙaho.

Sunayen abokai sun yi toka:
Mi-ran ta haihu, Dong-su na soja.

Niƙa dai, niƙa, babu gari,
gari kuwa ya waye.
Takobi ya ƙara maki ɗaya,
wuyan hannu na zogi.

Ya sake dannawa.