Tankar Ruwa a Dutsen Atakama

Ni direban tanka ne. Talata da Juma'a
nake hawo dutsen nan daga Kalama,
ƙasar da shekara kan wuce sama ba ta yi ko tsartuwa ba,
in kawo wa masu leƙen taurari ruwan wanke ido.

A kicin na tarar da su, kamar kullum.
Eulalia Kutipa na murza ƙullun burodi,
Anselmo Kiroga na riƙe da shayin da ya huce,
shi da ke goge babban madubi shekara goma sha tara.

Ya ce, "Daren jiya na ga wani haske
da ya baro gida tun ba a san za a yi dutsen nan ba.
Na bi shi har inda ido ya ƙare.
Ban ga hannu ba, ban ga sawun kowa ba,
wuta ce da hayaƙi, suna bin lissafi."

Ta ce, "To wa ya ɗora lissafin?"
Ya ce, "Wa ya ɗora wanda ya ɗora?"
Ta maka ƙullu a tebur, gari ya tashi.
"Tambayarka kare ce mai bin jelarsa."
Ya ce, "Taki kuwa gajiya ta yi ta zauna,
ta raɗa wa inda ta zauna suna Ubangiji."

Ban sa baki ba. Tiyona na waje yana zuba,
ina jin ruwa na faɗawa cikin duhun tanki.

Ta ce, "Burodin nan da za ka ci an jima,
tsaga shi, ka nemo min hannuna a ciki."
Ya ce, "Ai ke na gan ki kina murzawa."
Ta ce, "Don ka yi sammako ne.
Wancan kicin ɗin, makara ka yi."

Ya yi dariya har shayi ya zube masa a wando.
Sai dariyar ta tsaya.
Ya ce, "In gidan nan da mai shi,
ina Yake ranar da ramin tagulla ya rufta da Hilario?"

Hannunta ya tsaya a cikin ƙullu.
Firji kaɗai ke magana.

Can ta ce, "Na tambaye Shi.
Shekara shida ke nan, safe da yamma,
wani lokaci da kuka, wani lokaci da faɗa.
Bai ce min komai ba tukuna.
Kai fa, tun da aka binne Remedios,
wa kake tambaya?"

"Ba kowa. Shi ya sa nake samun barci."

"Ƙarya kake, Anselmo.
Tagata na kallon fitilar ɗakinka."

Bai musa ba. Ya tashi ya ɗauko itacen murji,
ya miƙa mata tun ba ta nema ba.

Da dare na gangaro, tanka fayau,
tana gunji a bayana kamar cikin mayunwaci.
A kwanar da ake ce wa Gwiwar Jaki na tsaya,
na kashe inji, na kashe fitila.

Taurari sun sauko har kan gilashi,
cunkus, kamar gishirin da buhu ya fashe.
Na ɗaga kai ina jiran in ji
ko na Eulalia ne ni, ko na Anselmo.
Bakina bai kawo addu'a ba,
bai kuma kawo musu ba.
Sanyi kawai, da wuyana da ya ƙage.

A kujerar gefe akwai burodi cikin tsumma,
rabin wanda ta ba shi, shi kuma ya raba da ni.
Da sauran ɗuminsa.
Na ci, na tada mota.
Juma'a akwai wani ruwan da zan kai.