Kurwa

Ranar Laraba, a gangaren Gulbi,
da buhun gero biyu da Inna a kujerar baya,
motar gidanmu ta yi ƙara kamar an take wutsiyar kyanwa.
Sitiyari ya sandare a hannuna,
jar fitilar batir ta buɗe ido ɗaya ta zuba mini.
Yara ne suka turo mu har Ali Ɗan Sofo,
dala ashirin-ashirin, da faɗan canji.

Baba Nomau bai tashi daga tabarma ba.
Ya ja iska sau biyu, ya ce, "Ƙaurin roba.
Kurwa ce ta tsinke."
Inna ta dafe ƙirji tana neman tsari.
Ya ce, "Ba wadda maye ke kamawa ba, Haju, ta injin.
Amma dai ita ma, in ta hita, sai a turo ka gida."

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan babbar mota
tsakanin nan da Agadas,
kafin yana ta rufe masa hanya a ido biyu.

A bakin tasha Ɗan Ladi ya sauko da biyu daga ƙusa,
ta jika huɗu da ta jika tara.
Baba ya lanƙwasa kowace, ya sansana,
ya ƙirga haƙarƙarinta da farce, shida,
ya tura mai arha gefe ba tare da ya ce komai ba.
Ni na biya. Albashin malamar makaranta ya yi tari.

Ya hana a kira makanise.
"Tsahara, ke da ido a huska, ni da ido a ka. Mun isa."

Bayan la'asar, ƙarƙashin dogon yaro,
ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana mini da yatsa:
nan babban fuli na ƙasa, uban tafiya,
nan dinamo, nan famfon ruwa,
nan na'urar sanyi da ta mutu tun bara waccan
amma dole a bi ta ƙofarta a gaishe ta.
Layin ya hau, ya sauka, ya koma baya
kamar sawun maciji a rairayi.
Kaza ta zo ta tone rabin zanen.

Na ɗaura zane sama da gwiwa, na sa kile sha huɗu,
na danne ƙaramar tayar da ke ɗame ta.
Ta kuɓuce. Ƙarfe ya ci fatar yatsuna uku.
Ban yi kuka ba, Sanusi na riƙe da fitilar waya yana kallo.

Da na gama zagayawa sai ga ta tana lilo.
Na ce Ɗan Ladi ya cuce mu, ta yi tsawo.
Baba ya taso, ya lalubo kafaɗata, ya bi hannuna har cikin injin.
Yatsunsa suka shige duhun kamar masu komawa ɗakinsu.
"Ba ta yi tsawo ba, ɗiyata.
Gida guda kika tsallake.
Bayanta mai santsi ke bi ta nan, ba cikinta ba."

Na warware, na sake.
Ta zauna daram, haƙarƙari cikin haƙarƙari,
daidai lokacin da ladanin unguwa ya gyara murya.

Na murɗa makulli. Baba ya karkata kai
kamar mai sauraron numfashin jariri.
Ya daɗe. Sannan ya ce, "To."

Tsohuwar kurwar, Inna ta ɗaure ƙyauren akurki da ita.

Da na fito daga alwala, injin bai mutu ba.
Yana zaune a mazaunin direba, hannu biyu kan sitiyari,
fuskarsa na duban katangar gidanmu, taku uku a gabansa.
Mai na ƙonewa, ga tsada.
Inna da ke ƙirga ashana a gidan nan
ta tsaya bakin madafa da ludayi a hannu,
ta kalle ni, ta girgiza kai: ƙyale shi.