Sarƙa Mai Haƙora

A Panteka nake walda, layi na uku bayan masu tukwane.
Na yi ƙyauren gida, na yi kejin kaji,
na yi gadon asibiti da murhun gawayi.
Ran Laraba Kajang ya zo daga Barnawa
da abu a leda, ya zazzage min kan benci:
sarƙa ce, amma kowace gaɓa da haƙora biyu,
duk sun sunkuya ciki, inda wuya zai zauna.

"Yi min goma irinta. Ta waje ta yi tsada."

Horon karnuka ne sana'arsa
tun kafin gwiwa ta ci amanarsa.
Ya ce, "Kada haƙoran su tsorata ka, Barau,
mintsini ne, ba yanka ba.
Haka karya ke cafkar ɗanta a ƙeya in ya ƙi ji.
Ja ɗaya, ya gane, ka saki.
Akwai wani baƙi a Malali, nauyinsa buhun siminti,
ya ja matar gidan har ta ci kwalta da baki.
Maigidan ya ce ko ya nutsu
ko likita ya yi masa allurar da ba a tashi.
To wanne ya fi, mintsini ko rami?"

Ban amsa ba.
Tsoho Jatau mai shayi ne ya ajiye ludayi.
"Na yi farauta daga Kujama har bayan Buruku
da karnuka bakwai, ko zare babu a wuyansu.
Fito ɗaya, su juyo.
Ba a kiwon kare ranar farauta.
Kun kulle dabba wata shida tana kallon bango,
yanzu kuna son ƙarfe ya koya mata
abin da ƙafarku ta yi ƙyuyar koyarwa.
Karen da ke bin ka don tsoro
ba fuskarka yake duba ba, hannunka yake gadi."

Kajang ya yi dariya.
"Baba, daji daban, titin Kachia daban.
A dajinku ɗan makaranta ba ya gilmawa a guje."

Haka suka yi ta yi har shayin ya huce,
babu wanda ya matsa ko taku ɗaya.

Da magariba, bayan an ɗauke wuta,
na naɗe hannun riga, na ɗaura ta a damtse.
Na ja a hankali.
Gaskiyar Kajang, babu jini,
kamar yatsu goma sha shida suna cewa tsaya.
Sai na ja irin jan mutumin da aka hana albashi,
wanda ya kwana biyu a layin mai,
ya dawo gida ya tarar an yaga masa takalmi.
Har yau shaidar na nan, ɗigo-ɗigo, jere kamar ɗinki.
Kuma ni na san lokacin da zan ja.
Shi wa zai faɗa masa?

Kuɗin makarantar Asabe bai san muhawara ba.
Na yanka waya, na lanƙwasa, na haɗa goman.
Kwana uku ina bin kowane haƙori da magagari
har bakinsa ya yi sumul kamar ƙwayar gero,
aikin da ba a sa ni ba, ba a kuma biya ni ba.
Iyakar ikona ke nan.
Magagari ba ya kaiwa ɗaya ƙarshen igiya,
inda hannu yake.

Akwai wata karya a layinmu, ba ta kowa ba ce,
kunne ɗaya a yage, tana kwana ƙarƙashin bencina.
Ban taɓa koya mata komai ba.
Da na ɗaga sarƙoƙin zan zuba a leda suka yi ƙara,
ta ɗago kai, ta dube su, ta dube ni,
ta mai da haɓarta kan ƙafata.