Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe bakwai na safe a Valparaíso,
hazon teku bai gama sakin tuddai ba.
Na ajiye kofin shayi, na kunna allo,
na'ura ta miƙo mini lissafin daren jiya.

Ba ta gyangyaɗi, ba ta hamma.
Idonta guda ne, a saman ƙofar ɗaki na huɗu,
yana ƙirga hanci, yana ƙirga baki,
wanda ya rufu da wanda ya zame.
Kabad ɗin bango kuwa sai ka nuna masa kati
kafin ya sakar maka takunkumi ɗaya,
ya cire a lissafi, ya sanar da ma'aji:
saura ɗari biyu da shida, a aiko kafin Laraba.
Ba na raina ta. Ban manta shekarar
da muke shanya takunkumi a jikin taga ba,
kowa da sunansa a gefe, gobe a sake ɗaurawa.
A shekarar muka binne Eliseo.

Yau layi ɗaya ne ja:
Maite Quilodrán, gado na tara,
uku da kwata na dare,
fuska a buɗe, daƙiƙa goma sha ɗaya.

Na san gado na tara.
Don Evaristo ne, masunci,
wanda rurin injin jirgi ya cinye wa kunnuwa.
Da ido yake ji.
Tun da aka kwantar da shi duniya ta yi masa tsit,
bakuna duk sun ɓuya bayan shuɗin ƙyalle.

Na buɗe hoton.
Ya farka a firgice, yana fizgar robar ƙarin ruwa.
Maite ta riƙe hannunsa, ta yi magana, a banza.
Ta rubuta a takarda, tabaraunsa na gida.
Sai ta ja da baya taku biyu,
ta ɗaga kai ta dubi idon nan na saman ƙofa,
ta sauke takunkumi zuwa haɓa.
Na'urar ba ta ɗaukar murya,
amma ni ma na karanta leɓen:
'Yarka ta iso. Tana waje. Kwanta.

Ya kwanta.

A ƙarƙashin jan layin akwai gurbi, an rubuta: Dalili.
Uku aka ba ni in zaɓa,
mantuwa, sakaci, ko igiya ce ta tsinke.
Shayina ya huce ban taɓa ko ɗaya ba.

Dokar ba ta yi ƙarya ba,
numfashi na goyon abin da ido bai gani.
Zan kira Maite in faɗa mata haka,
za ta ce to, ta sa hannu, ta tafi neman barci.

Kafin nan na rubuta wa ma'aji:
a cikin kayan Laraba
a haɗo da kwali ɗaya na masu taga a baki,
waɗanda ake ganin leɓe ta ciki.

Gurbin dalili na nan fari fat.
Allo sai ƙifta mini yake, yana jira,
can ƙasa wani jirgi ya yi gunji ya bar tasha.