Makullan Gida

Shekara goma sha ɗaya ina raba wasiƙu a tuddan Valparaíso,
jaka a kafaɗa, karnukan unguwa duk sun san takuna.
Matakala ɗari da tamanin daga bakin teku zuwa ƙofarmu.
Ban taɓa ƙirga su ba sai da na daina hawa.

Zazzaɓin kwana tara ya yi.
Baƙo ne da ya yi sallama lafiya lau,
ashe ya tafi da makullan gida.

Akwai wani ma'aikaci a cikina da ban taɓa yi wa sannu ba.
Shi ke matse jijiya in na miƙe,
ya kora jini sama,
ya buɗe gumi, ya rufe,
ba albashi, ba hutun Lahadi.
Yanzu ya ruɗe. Yana hura wuta da rani,
ya jiƙa mini riga a tsakiyar sanyi.

A kwance zuciyata saba'in take bugawa.
In tashi ɗora ruwan shayi, ɗari da arba'in,
kamar an biyo ni da wuƙa,
alhali ba kowa a ɗakin sai kyanwa.
Ƙafafu su rine, duhu ya taso daga gefen ido,
sunan cokali ya ɓace mini a baki.

Likita na farko ya juya takardu, ya ce ƙalau,
damuwa ce, ki rage tunani.
Ta uku, Dakta Huenchullán, ta ɗaure ni a gado,
ta tayar da gadon tsaye.
Minti bakwai na sume.
Da na farfaɗo ta ce: na gani.
Wannan kalma na yi wa kuka, ba ciwon ba.

Eleodoro ke auna mini gishiri a ruwa kowace safiya,
ya ja mini doguwar safa mai matsewa yana nishi,
ya sa kujerar roba a banɗaki
bai ce komai ba.
Maƙwabta kuwa: ai kin yi kyau, Ximena, kin murmure!

Jiya na sauka matakala goma sha biyu, na zauna.
Sabon yaron wasiƙu ya zo da gudu, yana jujjuya ambulan.
Na ce, gidan Orellana kake nema?
Koriyar ƙofa, bayan itacen lemo,
kada ka ƙwanƙwasa, tsohuwar ba ta ji.

Ya wuce, bibbiyu yake tsallakewa.
Na jira zuciyata ta sauko
kafin in fara ƙirga na komawa.